Maganar Gumakan Gidan Na'ibi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa.

Tun bayan ƙaramar Salla ake yawo da wata magana a unguwar nan, daga teburin mai shayi zuwa rumfar 'yan canji, har ta shiga cikin gidaje wajen mata: wai akwai gumaka a gidan na'ibi. To, na'ibin mu ne, gidan kuma namu ne. Waɗanda suka tare mu suka tambaya mun ba su amsa a tsaitsaye, amma mafi yawa ba su tambaya ba, sai dai kallo idan mun wuce. Tunda abin ya riga ya bar ɗaki ya shiga kasuwa, muka ga gara mu zauna mu rubuta shi yadda ya faru, da inda aka faɗi gaskiya a kanmu, da inda mu muka yi kuskure. Kuskuren namu ba ƙarami ba ne, kuma za mu faɗe shi.

Wanda ya san mu ya san sana'armu gwanjo ce. Limanci taimako muke yi, mukan ja salla a masallacin layinmu idan babban liman bai samu fitowa ba. Abincinmu daga dila yake fitowa. Kusan shekara talatin ke nan muna zuwa Katangowa a Ikko, mu saro, mu dawo Badun mu kwance, mu tsince, mu sayar. A cikin kayan da mukan haɗo akwai buhun kayan wasan yara. Shi wannan buhu a ɗaure ake sayar maka, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka zazzage: 'yartsana mai hannu ɗaya, mota babu taya, sojan roba, doki, jirgin sama da fiffike ya karye. Mukan zube su a kan tabarma a ƙofar shago, iyaye mata su zaɓar wa yara. Ba mu taɓa ɗaukar su a bakin komai ba, ciko ne kawai.

Shekara huɗu da suka wuce wani Bayarabe ya fara zuwa. Injiniya ne, da furfurarsa, da motarsa mai kyau. A Jos aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Sai ya tattare wando ya tsugunna a gaban tabarmar nan, ya yi ta tono kamar mai neman allura, ya ɗauki ƙaramar mota ya juya cikinta ya karanta, ya ajiye, ya ɗauki wata. Ranar da ya zo karo na uku muka kasa haƙuri, muka ce masa, "Yallaɓai, yaran nawa ne haka?" Ya ɗago yana dariya ya ce, "Alhaji, kayan nawa ne." Wallahi mun zaci wasa yake yi. Da ya tafi muka ce wa yaron shago, ka ga abin da kuɗi ke yi wa mutum idan ya rasa inda zai kai su.

A hankali muka saba, har yakan zauna a benci mu sha shayi. A bakinsa muka fara jin cewa abin da muke zubarwa a tabarma wata duniya ce guda, kuma manya ne a cikinta, masu iyali da aikin yi. Ya nuna mana cewa kowace ƙaramar motar ƙarfe akwai rubutu a cikinta: sunan kamfani, ƙasar da aka ƙera ta, sau da yawa har da shekara. Waɗanda ake kira Matchbox a Ingila aka fara yin su a 1953, an yi su daidai yadda za su shiga kwalin ashana, sunan ke nan. Hot Wheels kuma Amurka suka fito a 1968, mafi yawansu an rage girman motar gaske ne kamar sau 64. Ya ce sojan nan G.I. Joe da ya fito a 1964, masu shi da gangan suka ƙi kiransa 'yartsana, don sun san yara maza ba za su taɓa abin da aka kira da wannan suna ba. A Japan kuma tun 1980 kamfanin Bandai ke sayar da mutum-mutumin inji na Gundam a warwatse cikin kwali, mai saye ne zai zauna ya harhaɗa da hannunsa. A garin Nottingham na Ingila akwai masu yin ƙananan mayaƙa na Warhammer, babu fenti ake sayar da su, kai za ka shafa musu kala.

Ya ce masu wannan sha'awa kashi biyu ne. Akwai masu tarawa, su ko kwalin ba sa buɗewa, domin wanda ba a taɓa buɗewa ba ya fi daraja a wajensu. Akwai kuma masu gyarawa, su ne ke neman irin kayanmu, waɗanda suka ƙoƙe suka karye, su kwance su, su sauya musu kama yadda ransu ke so. Ya ba mu misali da wata 'yar Ilori, Haneefah Adam, da ta yi suna a Instagram saboda ɗinka wa 'yan tsana hijabi da dogayen riguna. Mu dai muna ji muna gyaɗa kai, abin da ya dame mu shi ne yana biya ba ya taya wa.

Wanda ke sauraro da gaske ashe yana gefe. Ɗanmu ne, wanda muka sa wa sunan mahaifinmu, shi ya sa a gida ba a kiran sunansa sai dai a ce Abba. Yanzu shekararsa ashirin da bakwai, gyaran waya yake yi, kuma waɗanda suka kai masa aiki sun san hannunsa ba ya rawa. Yaro ne marar yawan magana tun yana ƙarami. Ya fara tsintar abubuwa daga buhu kafin mu zube, mu kuwa ba mu hana ba, mun ɗauka ƙannensa yake kai wa. Daga baya muka lura yana sayen ƙananan kwalaben fenti da burushi mai baki kamar allura, kuma bayan Isha yakan shige ɗakinsa ya rufe, fitila a kunne har dare ya raba. Muka ce a ranmu, gara haka da zaman majalisa. Shekara biyu cur ɗakin nan yana cikin gidanmu, taku goma daga inda muke kwana, ba mu taɓa cewa Abba, me kake yi a ciki ba. Wannan shi ne kuskurenmu na farko.

Ranar Salla aka aiki wani yaron maƙwabta ya karɓo caja a ɗakin. Yaro ya ga abin da ya gani, ya fita ya ba da labari, labari kuma ya yi ƙafa. Bayan kwana uku, mun idar da La'asar muna neman takalmi, sai wani dattijo da muke ganin girmansa, wanda ya yi zamani da mahaifinmu, ya riƙo hannunmu a gaban mutane ya ce, "Malam na'ibi, kafin a ce mana mu daidaita sahu, a fara daidaita gida." Bai ƙara komai ba. Mun ji maganar nan har cikin ƙashi. Ba mu koma shago ba, gida muka nufa, kuma gaskiya ba neman sani ya kai mu ba. Kunya ce da fushi.

Muka tura ƙofa. Abba yana zaune a kan tabarma, gilashin nan mai ƙara girman abu a idonsa. Bango guda kanta ce daga sama har ƙasa. A jere akwai motoci sun fi ɗari, tasi mai launin garin nan, bas, tankar mai, akwala da aka yi wa tsatsa da gangan har sai ka rantse ta shekara a garejin makanike. A wani layin kuma mutane ne, tsawon ɗan yatsa. Sojojin robar da muka sani ne, amma an kankare bindigogin, an yi musu riguna da huluna: ga mai shayi da butarsa, ga mai tsire a bakin tukuba, ga ɗan canji da jaka a hammata, ga mahayin doki da rawani da alkyabba. Idonmu bai tsaya a kan motocin ba, kan mutanen ya sauka. A kan teburi kuma akwai wani katako mai faɗin faranti, da babbar mota a kai, da wani mutum a tsaye kusa da ita.

Ba mu yi sallama ba, ba mu yi tambaya ba. Hannu muka sa muka share teburin gaba ɗaya, abin ya bugi bango ya tarwatse. Muna faɗa muna ƙarawa, mun ce ya jawo mana abin kunya, mun ce mala'iku sun daina shiga gidanmu saboda shi, mun faɗi wasu maganganun da ba za mu maimaita a takarda ba. Abba bai ɗaga murya ba. Ya durƙusa yana tsintar gutsattsarin, ya ce, "Baba, motar Alhaji ce." Sai a lokacin muka duba da kyau. Marsandi 911 ce mai bodin katako, koriya, irin wadda mahaifinmu ya yi shekaru yana lodin goro da ita daga Shagamu zuwa Arewa. Ga huhunan goro an ɗaure su da zare ɗaya bayan ɗaya. A allon baya ga rubutun da ke jikin ta gaskiyar, haƙuri maganin zaman duniya, da haruffan da sai ka matso za ka karanta. Daga wani tsohon hoto guda ɗaya da ke cikin akwatin kakarsa ya kwaikwayo ta. Wata bakwai yana yi. Mutumin da ke tsaye kusa da ita, wanda kansa ya cire ya gangara ƙarƙashin gado, mahaifinmu ne da farar rigarsa. Abba bai taɓa ganinsa ba, an haife shi bayan rasuwarsa da wata biyar.

A daren ya ɗauki tabarmarsa ya koma shagonsa da kwana. Sati uku bai ci abincin gidan ba.

Uwargida ba ta ce mana uffan ba sai a kwana na huɗu, tana ajiye mana tuwo. Ta ce, "Malam, ni ban yi karatu kamar ku ba. Amma wa yake kawo abubuwan nan unguwar nan buhu-buhu?" Muka ce ai na yara ne. Ta ce, "To. Kuma wa ya taɓa ba ni labarin motar gwangwanin da ya yi, har Alhaji ya ajiye ta a kan kabad yana nuna wa baƙi?" Ta ɗauki kwanonta ta fita.

Gaskiya ta faɗa. Duk wanda ya tashi a Sabo a zamaninmu ya san motar gwangwani. Mukan bi bola mu tsinci gwangwanin madara da na sardin, mu buɗe su da dutse da ƙusa, mu yanko taya daga tsohon silifa, mu ɗaura doguwar waya ta zama sitiyari. Idan aka kai mu Arewa hutu, 'yan uwanmu na can su koya mana motar kara, da shanun laka masu tozo da ƙaho da ake shanyawa a rana. Mu ne gwanin layinmu. Mun yi wata gingimari mai ƙofa da ke buɗewa, kuma mun tuna yadda mahaifinmu ya juya ta a hannunsa ya ce wannan yaro da hannu yake. Shekara arba'in da wani abu ba mu tuna da maganar nan ba sai daren.

Amma tuna baya ba ya sauya hukunci, kuma ba ma so son ɗa ya sa mu halatta abin da ba namu ba. Saboda haka muka shirya muka tafi wajen malaminmu, wanda muka yi karatun fiƙihu a gabansa bayan mun gama Islamiyya. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni, amma kansa garau. Muka kwashe komai muka faɗa masa, har da sharar teburin. Abin da za mu kawo nan taƙaitawa ce da bakinmu, wanda yake son lafazi ya koma wa littattafai da malamai.

Ya fara da abin da ke gefenmu. Hadisan da suka yi gargaɗi a kan ƙera surar abu mai rai ingantattu ne, suna cikin Bukhari da Muslim, kuma masu tsanani ne. Ya tuna mana sunaye biyar ɗin nan da ke cikin Suratu Nuhu, da bayanin Abdullahi ɗan Abbas cewa asalinsu mutanen kirki ne. Da suka mutu aka kafa surorinsu a wuraren zamansu don tunawa kawai, ba a bauta musu ba sai da waɗanda suka san dalili suka shuɗe, ilimi ya ɓace. Malam ya ce, "Ka ga, surar mahaifinka da jikansa ya yi, ita ce ta fi kama da wannan a duk ɗakin. Ba don yaron yana da mugun nufi ba. Su ma na farkon ba su da shi."

Sannan ya zo kan rangwame. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana da take wasa da su da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bai hana ba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa har doki mai fukafukai ya gani a cikinsu, ya tambaye ta, amsar da ta ba shi ta sa shi dariya. Sahabbai mata kuma sukan yi wa yara abin wasa da gashin tumaki ranar Ashura, don su shagala har a sha ruwa. A mazhabarmu ta Malikiyya, in ji Malam, haramcin yana tabbata ne idan abubuwa sun haɗu: surar mutum ce ko dabba, tana da jiki mai inuwa, kuma cikakkiya ce, ba a rasa wata gaɓar da rayuwa ba ta yiwuwa sai da ita ba. An togace 'yan tsanar yara mata. Mota, jirgi, gida, bishiya, rumfa, duk abin da ba shi da rai, babu laifi a cikinsa ko kaɗan. Amma baligi mai gemu ya zauna yana ƙera cikakken mutum, rangwamen yara bai rufe shi ba. Muka tambayi wanda aka bari babu ido babu baki. Ya ce malamai sun yi saɓani a nan, barinsa ya fi kuɓuta.

Mun fara jin sanyi a rai, muna cewa ashe dai muna da gaskiya. Sai Malam ya ce mu matso. Ya kawo labarin mutumin da ya zo wajen ɗan Abbas ya ce masa da sana'ar hannunsa yake ci, kuma surori yake yi. Ɗan Abbas ya ce ya matso kusa, ya sake cewa ya matso, har ya ɗora hannu a kansa, sannan ya faɗa masa abin da ya ji daga Manzo. Mutumin ya razana, fuskarsa ta sauya. Ɗan Abbas bai bar shi a haka ba, ya nuna masa cewa idan lallai sai ya yi, ga bishiyoyi nan, ga duk abin da ba shi da rai. Malam ya ɗora nasa hannun a kanmu, mu da furfurarmu, ya ce, "Shi baƙo ne ya zo masa, ya jawo shi jiki, ya faɗa masa gaskiya, ya buɗe masa ƙofa. Kai ɗanka ne na cikinka. Wanne ka yi a cikin ukun? Kuma motar da ka fasa, da wane hadisi ka fasa ta?" Ba mu da amsa. Mun san ba don Allah muka share teburin nan ba, don maganar da aka faɗa mana a ƙofar masallaci ne.

Ba ma so a fahimci cewa muna zargin dattijon da ya yi mana magana, ko jama'ar da hankalinsu ya tashi. Tsoronsu yana da tushe. Tun da aka kafa Sabo a 1916 iyayenmu suke zaune a tsakiyar mutanen da ke da tsohuwar al'adar sassaƙa. Maƙwabtanmu Yarbawa da yawansu Musulmi ne, wasunsu sun fi mu karatu, amma kowa ya san a gargajiyarsu akwai ɗan mutum-mutumin da ake sassaƙawa idan ɗan tagwaye ya rasu, wanda suke kira ere ibeji, a yi masa wanka, a shafa masa mai, a sa masa tufa. Iyayenmu sun ga wannan da idonsu, suka ja layi mai kauri don 'ya'yansu kada su ruɗe. Wanda ya tashi da wannan tarbiyya, idan aka ce masa ga ƙananan mutane a jere a ɗakin ɗan liman, dole gabansa ya faɗi. Abin da ya rage mana shi ne mu san inda layin yake na gaskiya, kada mu haɗa motar wasa da gunki mu yi musu kuɗin goro.

Daga gidan Malam shagon Abba muka wuce. Yana cikin aiki, ya miƙe zai durƙusa, muka ce ya zauna. Muka ce masa, "Abba, mun zalunce ka, ka yafe mana." Ba mu taɓa faɗa wa wani ɗa namu haka ba, kuma ba ta fito da sauƙi ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ku daina, ni ne ban nuna muku ba." Muka zauna a bencin masu jiran waya muka karanta masa duk abin da Malam ya faɗa, na daɗi da na ɗaci, ba mu rage ba.

Sannan muka ce ya nuna mana yadda ake yi, domin mun yi hukunci a kan abin da ba mu sani ba. Ya ɗauko wata ƙaramar mota daga aljihun teburi. Ya nuna mana ƙusoshi biyun da ke riƙe da cikinta, yadda ake huda su a raba bodi da ƙasa, a cire gilashi da kujeru, a jiƙa bodin a maganin da ke cinye tsohon fenti har ƙarfe ya fito fari. Daga nan a goge, a fesa fentin shimfiɗa, a bari ya bushe, sannan kala, shafi bayan shafi marar kauri. Inda ake son sabuwar siffa akwai wani gam mai kashi biyu da ake murzawa kamar ƙullu, a gina da shi, idan ya daskare a fere. Da shi ya yi wa motar Alhaji hancinta mai zagaye. Bodin katakon kuwa da tsinken tsire ya yi shi, ya fere kowanne. Muna kallon yatsunsa sai muka ga namu a bakin bola da ƙusa da gwangwani.

Ga inda maganar ta tsaya yau, don kada a ƙara mata gishiri. Motoci suna nan, sun ma ƙaru. Ƙananan mutanen ya sauke su daga kanta da hannunsa. Waɗanda injiniya ya ba shi ya mayar masa, sauran ya raba wa yaran gida suna wasa da su. Akwai guda ɗaya, mahayin dokin nan mai alkyabba, da ya ce mu ba shi lokaci. Yana cikin akwati a rufe. Mun faɗa masa abin da muka sani a kai, ba mu kuma sa hannu mun ƙwace ba, muna yi masa addu'a. Wanda ya ce mun ce babu komai a gidan, bai ji daga bakinmu ba. Dattijon nan mun je har gida mun yi masa bayani, ya saurara, ya ce Allah ya kyauta. Akwai mutum guda da har yanzu idan mu ne a gaba yakan wuce wani masallacin. Ba mu riƙe shi a rai ba.

Motar Alhaji ta ɗauki wata biyu kafin ta tashi. Akwai tabo a ƙofar direba inda ta bugi bango, Abba ya so ya shafe, muka ce ya bar shi. Bai sake yin kakansa ba. A inuwar motar ya shimfiɗa ɗan buzu, ya ajiye buta da takalmi ƙafa biyu a gefe, kamar mai su ya je alwala. Da aka kai wa kakarsa ta gani, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce haka yake ajiye takalminsa, ɗaya a kan ɗaya.

Ga matasanmu da wannan sha'awa ta fara shiga, don mun ji ba Abba kaɗai ba ne: ku tsaya a kan abin da ba shi da rai, fili ne mai faɗi. Tashar mota, rumfunan kasuwa, jirgin ƙasa, tsofaffin gidajen unguwar nan da ake rushewa kullum, duk suna jiran mai hannu. Ku kula da aljihu, domin abin yana da jaraba, wanda ya sayi ɗaya sai ya so goma, kuma ba daidai ba ne kanta ta cika alhali ana bin ka kuɗin haya ko mahaifiyarka na neman na magani. Ku kula da lokaci, fentin da ya sa ka makara sallar Asuba ya ci ka da tsada. Kada kuma ku ɓoye wa iyayenku, ɓoyon ne ke sa a zaci mugun abu.

Ga 'yan uwanmu iyaye kuma, musamman masu riƙe da allo ko mumbari: mu riƙa shiga ɗakin 'ya'yanmu da sallama tun kafin maganar waje ta tura mu. Da mun yi haka shekara biyu da suka wuce, da cikin ruwan sanyi za mu ce Abba, yi wannan, bar wancan, kuma da ya ji.

Wanda yake son ganin motocin da idonsa, ƙofarmu a buɗe take bayan La'asar, ya yi sallama a shigo da shi. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuma namu ne, malamai su gyara mana. Allah ya jiƙan iyayenmu, ya shirya mana zuriya, ya zaunar da Sabo da maƙwabtanta lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.